Ramar Glenda

Shafi na 17

Masu cika mini akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan, ku sarara mini. Mura ce ta kwantar da ni kwana uku, ba mantawa na yi da ku ba. Masu cewa kuma in daina tausaya wa Glenda domin ita ta jawo wa kanta, na ji ku. Ku karanta na yau tukuna.

*

Kwano na goma sha ɗaya ya iso ranar Asabar da hantsi.

Glenda Rasmussen tana leƙe ta bayan labule ta ga matar Fasto ta ajiye shi a bakin ƙofa, ta danna ƙararrawa sau ɗaya, ta koma mota cikin sanɗa. Sai da motar ta sha kwana sannan ta buɗe ta ɗauko. Taliya ce da kaza, an gasa da cuku a sama, da sauran ɗuminta. A kan murfin an manna 'yar takarda: "Muna tare da ke. Kada ki wahalar da kanki da wankewa."

"Na wa ne yau?" in ji mijinta Wendell daga teburin kicin.

"Na matar Fasto."

"Tana cika gishiri, amma kawo."

"Wendell, ba abin dariya ba ne."

"Ni ma ban yi dariya ba. Yunwa nake ji."

Ta dire kwanon a gabansa ta koma ta jingina da firji. Firjin ma ya cika, har na gareji an fara cusawa.

Laba hamsin da takwas Glenda ta zubar tun watan Maris. Likita ne ya ce mata ciwon suga ya zo bakin ƙofa, gwiwoyinta kuma sun kusa gajiya da ɗaukarta, ya rubuta mata allurar rage ƙiba. Kowace Litinin takan yi wa kanta a cinya, sau ɗaya a wata kuma ta je asibitin birnin Duluth a duba ta. Ban da Wendell babu wanda ya sani.

Tambaya kuwa ta sha ta. Mai kawo wasiƙa ta ce mata, "Glenda, ina sauranki?" ta ce ta rage burodi ne. Abokan aikinta a kicin ɗin makaranta suka tambaya, ta ce tafiyar ƙasa take yi da safe, alhali duk garin an san ko akwatin wasiƙarta da mota take zuwa. Matar ƙanenta ta matsa, ta ce sabon wando ne ya sa ta ga haka. Ta daina zuwa awon nauyi na ranar Talata da mata ke yi a ƙasan coci, domin sikeli ba ya rufa asiri.

Duk waɗannan da sauƙi. Ɓarnar ta faru ne ranar da aminiyarta Verna ta tare ta a bakin kantin magani, ta riƙe mata hannu ta ƙi saki. Glenda ta rasa ta cewa, sai ta ce, "Ina karɓar magani a Duluth. Don Allah kada ki ƙara tambayata."

To, a garinmu idan mace ta rame ta ce tana karɓar magani a Duluth, abu ɗaya ake nufi, kuma ba a kiran sunansa. Mutanenmu ba za su taɓa tsare mutum su ce me ke damunka ba, wannan rashin ladabi ne a wurinsu. Gida za su koma su kunna tanda. Kwana biyu da maganar kwanon farko ya iso.

Wendell ya ɗauki cokali, ya dubi taliyar, ya mayar ya ajiye. Shekara talatin da aure, Glenda ba ta taɓa ganin ya ajiye cokali kafin ya ɗanɗana ba.

"Lafiya?"

"Na haɗu da mijin Tonya a gidan mai ɗazu."

"Tonya mai gyaran gashi?"

"Ita. Ya ce Verna na da layi a shagon yau, goma da rabi."

"Verna ba ta zuwa shagon gyaran gashi."

"Shi ya sa nake gaya miki." Ya shafa ƙeyarsa. "Yanke shi za ta yi, Glenda. Duka. Za a aika a yi miki hular gashi da shi."

Glenda ta ɗago daga jikin firji. Ta dubi agogon jikin tanda. Sha ɗaya saura kwata.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun takwas. Na yi ta tunanin yadda zan faɗa."

"Awa uku kana tunani?"

"Ke mako shida kike yi," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Na ci abincin mutane da sunan kina mutuwa, na yi shiru domin kin ce in yi shiru. Amma gashin matar nan ba zan iya haɗiye shi ba. Ga makulli."

*

Wanda bai san Verna Halvorsen ba ba zai gane ba. Tun ranar aurenta almakashi bai taɓa kanta ba. Kitso ɗaya take yi, mai kauri, har ƙugu, kuma marigayi mijinta Curtis ne ke kitsa mata shi kowace safiya kafin ya fita aiki. Ko da ciwon daji ya kwantar da shi, takan zauna a gefen gado ta juya masa baya, ya kitsa da hannu yana rawa. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa.

Glenda ta tuƙa motar ba ta ko sa rigar sanyi ba. Ta wuce coci, ta wuce ɗakin karatu, tana roƙon Allah ya sa Tonya ta makara kamar yadda ta saba.

Da ta tura ƙofar shagon, ƙasa ta fara duba. Babu gashi a ƙasa. Har ta sauke ajiyar zuciya, sai idonta ya kai kan teburin shagon. Ga kitson nan a shimfiɗe kan farin tawul, an ɗaure kowane ƙarshe da roba, furfura tas.

Verna na kan kujera, an yafa mata baƙin ƙyalle, wuyanta a fili. Tonya na tsaye a bayanta da injin aski tana daidaita abin da ya rage.

Ta madubi Verna ta hango ta.

"Ke kuma me ya fito da ke cikin sanyin nan? Ina rigarki?" Ta yi tsaki. "Wendell ne ko? Bakin mutumin nan ba ya rufuwa sai da abinci a ciki."

"Tonya, kashe abin nan," in ji Glenda.

"Kada ki kashe, ci gaba. Glenda, zauna kafin jiri ya ɗebe ki."

"Verna, me kika yi?"

"Gashi ne, zai fito." Ta yi murmushin dole. "Na ga naki a wuyan rigarki ranar Lahadi, ina zaune a bayanki. Haka na Curtis ya fara. Na ce kafin ya ƙare gara a shirya. Kuma ina raye ba za ki sa na roba ba, ki fito kamar 'yar tsanar kanti. Launinmu ɗaya, tare muka yi furfura."

Gaskiya ne gashin Glenda na zuba, likita ya ce saurin rama kan jawo haka, zai tsaya.

"Ba ni da ciwon daji."

"Haka Curtis ya yi ta faɗa har wata uku."

"A'a, ki saurare ni. Ban taɓa yin sa ba. Babu wanda ya taɓa cewa ina da shi. Allurar rage ƙiba nake yi. Ita ce maganin da na ce miki."

Injin askin ya mutu. Tonya ta dubi wannan, ta dubi waccan.

"Bari in duba tawul a injin wanki," ta ce, ta shige ciki ta ja ƙofa.

Verna ba ta juyo ba. Ta madubin take kallonta.

"Sake faɗa."

"Allurar rage ƙiba. Tun Maris."

"Babu ƙari?"

"Babu."

"Sun ɗauki hoto? Sun duba jini?"

"Sun duba komai. Suga ya sauka. Gwiwata ta daina kumburi. Lafiyata ƙalau, Verna."

Verna ta fiddo hannuwa daga ƙarƙashin ƙyallen ta rufe fuska, sai kuka. Ba ƙaramin kuka ba, irin wanda ke girgiza kafaɗa. Glenda ta matso ta ɗora mata hannu, ta kaɗe shi.

"Kada ki taɓa ni. Da Allah nake, ba da ke ba."

Glenda ta ja da baya ta tsaya, hannu a sake. Ta fi minti biyu a haka tana sauraron injin wankin da babu shakka babu komai a cikinsa.

Da Verna ta ɗago, ta share ido da gefen ƙyallen, ta juya kujerar da ƙafa har suka fuskanci juna.

"Mako shida."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Na fiddo rigar da zan sa ranar jana'izarki na kai wanki. Na je kabarin Curtis na ce masa ga Glenda nan tafe, ka tare ta, ba ta son baƙin wuri. Ni na bi mata gida gida na tsara wa zai kawo abinci wace rana. Ni na kai sunanki wurin Fasto a sa a addu'a. Kina zaune a coci aka karanta shi."

"Na ji."

"Kika sunkuyar da kai kamar mai tawali'u."

"Kunya ce."

"Yaushe kika gane abin da muka ɗauka?"

Glenda ta so ta yi ƙarya ko da 'yar ƙarama ce, ta ce makon jiya. Ta ga ba ta da sauran wurin ajiye wata.

"Ranar da kwanon farko ya zo."

"Kwanona ke nan."

"Naki. Na ɗauki waya zan kira ki, na ajiye. Na ce gobe. Goben ta zo da kwano biyu. Kowace rana sai ta fi ta jiya wuya."

"Me ya sa tun farko ba ki gaya mini ba? Ni fa. Ni na riƙe miki ƙafa a ɗakin haihuwa."

"Kin tuna wata Talata a Maris, bayan awo, muna cin kek ɗin tuffa a gidan abincin bakin gada? Aka nuno tallar allurar a talabijin."

"Ban tuna ba."

"Kika nuna ta da cokali kika ce, ga allurar ragwaye nan. Kika ce duk wadda ta yi ta, ta saci amsa ne a jarrabawa. Jiya-jiyan nan na yi ta farko, wurin ma bai daina zafi ba."

Verna ta ƙura mata ido.

"Shi ke nan?"

"Ba shi kaɗai ba. Shekara goma sha huɗu muna hawa sikelin nan tare. Mu cire takalmi, mu cire 'yan kunne, mu hau, a ce mun ƙaru, mu fita mu je mu ci kek muna dariya. Ni duk mako wannan awar nake jira. Da na fara raguwa sai na ji kamar na tsallake layi na bar ki a tsaye. Na ji tsoron ki dube ni ki ga ba taki ba ce kuma."

"Glenda, ni fa magana ɗari nake faɗa kafin azahar. Na ce wa'azin Fasto kamar mai karanta takardar cikin kwalin magani. Kin daina zuwa coci?"

"A'a."

"Na ce Wendell ya yi kama da buhun dankali da aka sa wa hula. Kin rabu da shi?"

Dariya ta kuɓuce wa Glenda cikin hawaye. Verna ba ta yi ba.

"Wato da kika auna, sai kika ga gara in ɗauka mutuwa kike yi da in ɗauka raguwa ce ke."

Glenda ta san abin da ta yi ke nan daidai, sai dai ba ta taɓa jin sa a jere haka ba.

"Ki yafe mini," ta ce.

"Ban kai nan ba tukuna."

Verna ta juya kujerar ta koma ga madubi. Ta daɗe tana kallon kanta, ta karkata dama, ta karkata hagu, ta taɓa ƙeyarta da yatsa biyu.

"Ashe kunnuwana manya ne. Curtis bai taɓa gaya mini ba." Ta ɗaga murya. "Tonya, fito. Mun san kina jikin ƙofa."

Tonya ta fito ido ja, riƙe da tawul ɗaya domin shaida.

"Gama abin da kika fara, ba zan fita da rabin kai ba."

"Kitson fa?" in ji Tonya a hankali. "In saka miki a leda ki tafi da shi?"

Verna ta dubi abin da ke kan farin tawul ɗin. Glenda ta kasa kallo, ta mayar da ido ƙasa.

"Wurin da za ki aika, suna yi wa waɗanda ba su sani ba?"

"Suna yi. Kullum akwai masu jira."

"To aika. Wata na can da nata na gaske."

Da aka gama, Verna ta zaro hular ulu daga jaka ta ja ta har kunne, ta cire rigar sanyinta ta jefa wa Glenda ba tare da ta dube ta ba.

"Sa. Shiga mota. Tawa, ba taki ba."

*

Sai da suka hau babban titi Glenda ta iya tambaya.

"Ina za mu?"

"Coci. Matan awo na ƙasa tun tara, suna ɗinka miki bargon addu'a. Yau za a ɗaure ƙullin ƙarshe."

"Verna, don Allah. Zan rubuta musu wasiƙa, kowacce da tata."

"Da bakina na gaya musu kina mutuwa. Da naki za ki gaya musu ba kya yi."

"Maxine na can?"

"Ita ta kawo zaren."

Glenda ta runtse ido. Maxine Dahl ce shugabar awon, ita ke riƙe da sikeli shekara ashirin. Tsohuwar malamar lissafi ce, ta ba saba'in baya, rabin matan garin ta taɓa tsayar da su a gaban allo. Bara ta ƙara ƙiba har sai da ta koma dogara sanda, bana kuma ta zube tas, ta yar da sandar. Duk wadda ta tambaye ta sirrin, amsa ɗaya take bayarwa: "Niyya ce kawai. Ki rufe bakinki, ki ɗaga ƙafafunki ki yi tafiya." A gabanta ko alewa ba a ɓarewa.

"Za ta cinye ni ɗanya."

"Ai kin ragu, ba za ta daɗe ba."

Daga nan Verna ba ta ƙara cewa uffan ba har suka tsaya. Glenda ta yi ta satar kallonta, tana neman ko alama ɗaya a fuskar da ta sani tun suna 'yan aji uku, ba ta samu ba. Wannan shirun ya fi tsorata ta a kan Maxine.

Ƙamshin kofi ne ya tare su tun daga matakala. Mata tara ne zagaye da tebura biyu da aka haɗa, bargon a shimfiɗe a tsakiya, shuɗi da fari, ko'ina zare na reto. Kowace takan ɗaure ƙulli ɗaya ta yi addu'a ɗaya, haka ake yi wa mara lafiya. A kusurwa an ɗinka sunan Glenda da jan zare.

Suna ganinta suka miƙe. Wata ta jawo kujera, wata ta ruga ta ƙara na'urar ɗumama ɗaki. Loretta mai kantin furanni ta matso, ta sassauta murya kamar a asibiti.

"Ayya, Glenda. Yaya ƙarfin jikin?"

Tsofaffin amsoshin suka taso mata a baki, da sauƙi, an gode, ana sha. Ta waiga. Verna na tsaye a gindin matakala, ta harɗe hannuwa, tana kallon bango.

"Jikina ƙalau yake," in ji Glenda. "Ku zauna, don Allah. Ni ce zan tsaya."

Suka zauna suna kallon juna.

"Ba ni da ciwon daji, ban taɓa yin sa ba. Ramar da kuka gani, allurar rage ƙiba nake yi, likita ya rubuta mini. Na ji kunyar faɗa, na yi maganar da ta sa kuka ɗauki wani abu. Na gane kun ɗauka, na yi shiru. Na ci abincinku, na karɓi addu'arku. Laifina ne, ba na Verna ba, ita ma yanzu ta ji."

Wata ta saki zaren da ke hannunta. Maxine na can ƙarshen tebur, tabarau a kan hanci, ba ta ko motsa ba.

Loretta ce ta fara farfaɗowa.

"Au. Wato hanya mai sauƙi kika bi."

Da a makon jiya ne, da Glenda ta nemi ƙasa ta tsage ta shige. Yau kuwa ta riga ta ga abin da ya fi wannan a kan farin tawul.

"Ko mai sauƙi ce ko mai wuya, ita na bi," ta ce. "Wata biyu na yi ina amai kowace Talata. Ɗaya hanyar kuma shekara goma sha huɗu na gwada ta a gabanku, a kan sikelin can, kun gani da idonku. Likita ya ce idan na ci gaba haka wata rana yatsun ƙafata za a fara yankewa. Ina son yatsuna, Loretta. Shirun da na yi ne nake neman gafara a kansa. Allurar ba zan nemi gafarar kowa ba."

Ita kanta ta yi mamakin jin muryarta ba ta rawa.

"To ni dai," in ji Loretta, fuska ta yi ja, "rabin yini na ɓata ina gasa miki dankali da nama. Har na rufe kanti."

Takun takalmi ya taso daga gindin matakala. Verna ta zo tsakiyar ɗakin, ta kama hular ulun ta tuɓe.

Wata ta dafe ƙirji. Loretta ta koma kan kujera daɓas.

"Duk wadda asararta ta kai wannan, ta yi magana," in ji Verna. "Wadda ba ta kai ba ta je gidan Wendell ta karɓi kwanonta, ya wanke su tas da harshe."

Verna ta cusa hular a aljihu.

"Ni kaɗai ke da ikon zagin matar nan, kuma ban ma fara ba. Zan kai Kirsimeti ina yi." Ta matso ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Glenda, ta saƙala hannu a gwiwar hannunta ta matse har da zafi. "Amma ranar Talata tana nan, ni da ita, mu hau sikeli. Daga nan mu tafi bakin gada. Ta ci cokali biyu, in cinye sauran."

Hawaye suka zubo wa Glenda, wannan karon na daɗi, ta bar su ba ta share ba.

"Ban ce na yafe ba," Verna ta faɗa mata ƙasa-ƙasa.

"Na ji."

"Daina kuka, kina jiƙa mini riga."

A lokacin ne kujera ta yi ƙara a ƙarshen tebur. Maxine ta soke allurar ɗinkinta a jikin bargon, ta cire tabarau ta ninke, ta miƙe. Ba ta nufo su ba. Matakala ta hau, ɗaya bayan ɗaya, ta ja ƙofar sama ta rufe, suka ji ta murɗa sakata. Sannan ta sauko ta zo ta tsaya a gaban Glenda, kusa har tana jin ƙamshin man hannunta.

Verna ta ƙara matse hannun.

"Glenda Rasmussen."

"Na'am, Malama."

"Wace rana kike yin taki?"

"Litinin."

Maxine ta gyaɗa kai. Ta dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya, ta dawo da ido kan Glenda.

"Ni Alhamis," ta ce.